Makaman Dole: Yadda Aka Ɗora wa Jiragen Sama Makamai a Yaƙin Basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da jirgin kara, waɗanda yara kan ƙera da karan dawa bayan an gama girbi, ko kuma da gwangwani da waya a cikin birane. A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya akwai makamanciyar wannan sana'a ta hannu, sai dai a can har manya da dattawa suna yin ta. Sukan sayi sassan ƙaramin jirgi na roba a cikin kwali, su harhaɗa, su yi masa fenti, su rataya masa irin makaman da jirgin gaske ya ɗauka, bisa wani ma'auni da ba a saɓa masa. Jiragen yaƙin basasar Najeriya suna daga cikin waɗanda masu wannan sana'a ke sha'awa, saboda an ɗora musu makamai ta hanyoyin da masu ƙera su ba su tanada ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa malaman makaranta da sauran masu sha'awar tarihi waɗanne jirage ne aka yi amfani da su wajen kai hari ƙasa a wancan yaƙi, me aka ɗora musu, me ya tilasta hakan, kuma me ya biyo baya. Abin da ke rataye a ƙarƙashin fiffiken jirgi shaida ne na tarihi, domin yana nuna wanda ya sayar wa wa da makami, da wanda aka hana, da kuma mutanen da abin ya faɗa wa a ƙasa. Wanda zai ƙera samfuri don aji ko gidan tarihi yana bukatar sanin waɗannan duka.

Halin da Ake Ciki Kafin Yaƙi

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Arewa. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku samfurin DH.9A na sojojin saman Birtaniya suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham suka sauka a Kano, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu filin jirgin Kano ya zama zango a hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Amma rundunar sojojin sama ta Najeriya ba a kafa ta ba sai a 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, ya fara shugabantar ta. Jiragen da take da su a lokacin na koyon tuƙi ne da na ƙananan aike-aike, irin su Piaggio P.149D da Dornier Do 27, waɗanda aka fi sani a sansanin Kaduna.

Saboda haka lokacin da Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka kuma fara musayar wuta ranar 6 ga Yuli, babu ɓangaren da ke da jirgin yaƙi na zamani ko guda. Gwamnatin Tarayya ta Yakubu Gowon ta nemi jirage daga Birtaniya da Amurka ba ta samu ba. Ita kuwa Biyafara ba ƙasar da za ta sayar mata a fili, sai dai ta bi ta hannun dillalai. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Wannan shi ne tushen duk dabarun da za a ambata a nan.

Jiragen Fasinja da Suka Koma na Yaƙi

Dabara ta farko, wadda ɓangarorin biyu suka yi tarayya a cikinta, ita ce mayar da jirgin sufuri mai jefa bam. A watan Afrilu na 1967, tun kafin a fara yaƙi, aka karkatar da wani jirgin fasinja samfurin Fokker F27 na kamfanin jiragen saman Najeriya daga Binin zuwa Inugu. Wannan jirgi ba shi da ɗakin bam a cikinsa, ba shi da maratayi a fiffike. Abin da aka yi shi ne a loda bama-baman da aka haɗa a gida a cikin ɗakin fasinja, idan an iso inda ake nufi sai a tura su ta ƙofa da hannu. A watan Oktoba na 1967 ya je kai hari Legas da dare, ya tarwatse a sama, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Ɓangaren Tarayya ya ce bindigogin kakkaɓo jirage ne suka same shi, wasu marubuta kuma suka ce bam ne ya tashi a cikinsa kafin a jefa.

Biyafara ta yi irin wannan aiki da DC-3 da ƙaramin jirgi samfurin Dove, har da jirage masu saukar ungulu samfurin Alouette. Ita ma Tarayya ta karɓi jiragen DC-3 ta mayar da su masu jefa bam, kuma daga baya wani jirgin sufuri nata ya yi suna wajen shawagi da dare a kan filin Uli, inda jiragen agaji ke sauka, har matuƙan agaji suka laƙaba masa suna mai ma'anar ɗan kutse. Filin Uli ɗin nan asalinsa hanyar mota ce aka faɗaɗa.

Ya kamata malamin lissafi ya nuna wa ɗalibai dalilin da ya sa wannan dabara ba ta da saiti. Jirgin da ke gudun kilomita 250 a awa yana cin kusan mita 70 a kowace daƙiƙa. Abin da aka sako daga nisan mita 1,000 yana ɗaukar kamar daƙiƙa 14 kafin ya taɓa ƙasa, kuma a tsawon wannan lokaci yana ci gaba da tafiya gaba da saurin jirgin, wato zai faɗi kusan kilomita ɗaya gaba da inda aka sake shi. Idan mai turawa ya yi jinkirin daƙiƙa uku a bakin ƙofa, an kauce da mita 200 ke nan. A cikin gari, mita 200 ita ce tazarar da ke tsakanin barikin soja da kasuwa.

B-26 Mai Bakin Kifi

Jirgin yaƙi na farko da Biyafara ta samu shi ne Douglas B-26 Invader, ƙirar Amurka ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yi aiki da sojojin Faransa kafin a sallame shi. Ya iso Inugu a watan Yuni na 1967, kuma wanda ya tuƙa shi shi ne Jan Zumbach, tsohon matuƙin yaƙi ɗan ƙasar Folan da ya yi faɗa a ɓangaren Birtaniya, wanda ya shiga Biyafara da sunan John Brown. Da yake an sayar da jirgin ne a matsayin na farar hula, ya zo ba makami a jikinsa. Sai makanikai suka dasa masa bindiga mai sarrafa kanta a hanci, aka riƙa loda masa bama-baman gida, aka kuma zana masa bakin babban kifi mai haƙora a gabansa.

Ranar 10 ga Yuli 1967 wannan jirgi ya kai hari filin jirgin Makurɗi, kuma a watan Agusta hare-haren Biyafara ta sama suka kai har filin jirgin Kano. Ɓarnar da ya yi ba ta kai tsoron da ya jefa a zukata ba, domin a wancan lokaci mutanen garuruwan Arewa ba su taɓa ganin an kawo musu hari ta sama ba. Wannan tsoro ya ƙara wa Gwamnatin Tarayya azama wajen neman jirage a duk inda za ta samu. Zamanin B-26 bai daɗe ba, domin Inugu ta faɗa hannun sojojin Tarayya a farkon Oktoba 1967. Biyafara ta kuma samu jirage biyu samfurin B-25 Mitchell, su ma ba su yi tsawon kwana ba.

A nan akwai tarko ga mai ƙera samfuri. Jirage biyu ne suka amsa sunan B-26 a tarihin Amurka: Martin Marauder, da kuma Douglas Invader, wanda asalin sunansa A-26 ne aka sauya masa a 1948. Na Biyafara Invader ne. Wanda ya sayi Marauder ya yi masa fentin Biyafara ya ƙera jirgin da bai taɓa zuwa Najeriya ba.

Jiragen Gabas a Hannun Tarayya

Da ƙasashen Yamma suka ƙi, sai Legas ta juya ga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta. A watan Agusta na 1967 manyan jiragen sufuri na Sobiyet suka fara sauke jiragen MiG-17 a filin jirgin Kano, inda aka harhaɗa su, tare da MiG-15UTI mai kujera biyu na koyarwa. A daidai wannan lokaci aka samu L-29 Delfin daga Cekoslobakiya. A 1968 kuma jiragen Il-28 masu jefa bam suka iso. Da yake 'yan Najeriya da suka ƙware a irin waɗannan jirage ba su da yawa a farko, Misirawa ne suka tuƙa da dama daga cikinsu, sannan aka ɗauko sojojin haya daga wasu ƙasashe.

Kowanne daga cikin ukun an sa shi aikin da ba nasa ba ne kai tsaye. An ƙera MiG-17 ne don ya yi faɗa da wani jirgi a sama. Makaminsa igwa ce mai faɗin baki milimita 37 guda ɗaya, da masu milimita 23 guda biyu, duk a ƙarƙashin hanci. Yana da maratayi ɗaya a kowane fiffike, wanda ke ɗaukar ko dai tankin mai na ƙari ko bam mai nauyin da bai wuce kilo 250 ba. Ma'anar haka ita ce matuƙi yana da zaɓi biyu: ya ɗauki bam ya rasa nisan zango, ko ya ɗauki mai ya dogara da igwa kaɗai. Da yake Biyafara ba ta da jirgin jet da zai yi faɗa da shi, yawancin aikinsa ya koma ɓarin wuta a kan motoci da gine-gine da filayen jirgi.

Shi kuwa L-29 jirgin koyar da ɗalibai ne, mai kujera biyu gaba da baya. Maratayansa biyu na ɗaukar bam mai kilo 100 kowanne, ko ƙananan rokoki, ko tankin mai, kuma an tanade su ne don atisaye. A Najeriya sai ya zama jirgin fagen daga. A cikin irinsa ne shugaban sojojin sama, Kanar Shittu Alao, ya yi haɗari ya rasu a Uzebba a watan Oktoba 1969.

Il-28 shi kaɗai ne aka ƙera don jefa bam. Yana da injin jet biyu, da ɗakin bam da ke ɗaukar tan ɗaya a bisa al'ada, har zuwa tan uku idan an cika shi, da igwa biyu a gaba da biyu a wutsiya. Amma an tsara shi ne don manyan wurare da ake gani sarai, kamar masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa. A ƙasar kurmi, inda soja da farar hula ke cakuɗe a ƙauye ɗaya, kuma matuƙi baƙo ne bai san ƙasar ba, bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci, mutane masu yawa suka hallaka. Wannan ya zubar da ƙimar Gwamnatin Tarayya a idon duniya, ya kuma ba masu yaɗa farfagandar Biyafara abin faɗa. Gaskiya ce mai ɗaci, amma littafin tarihin da ya ɓoye ta bai yi wa ɗalibi adalci ba.

Jariran Biyafara

Mafi shahara a duk waɗannan jirage shi ne mafi ƙanƙanta. Carl Gustaf von Rosen basarake ne ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi shekaru yana aiki da sojojin saman Habasha. A watan Agusta na 1968 ya tuƙa jirgin agaji zuwa Uli, abin da ya gani na yunwa da hare-haren sama ya sa ya ƙudura niyyar lalata jiragen Tarayya a ƙasa. Jirgin da ya zaɓa shi ne MFI-9B, ƙirar birnin Malmo, mai kujera biyu gefe da gefe, da injin farfela mai ƙarfin doki 100 kacal, faɗin fukafukansa bai kai mita bakwai da rabi ba. Masu ƙera shi sun riga sun yi tunanin za a iya rataya masa ƙaramin makami, amma a idon jami'an kwastan jirgin wasa ne, shi ya sa aka iya fitar da shi.

An sayi guda biyar, aka bi da su ta Faransa, aka kai su Gabon inda aka harhaɗa su aka yi musu fenti kore mai saje da kurmi. A ƙarƙashin kowane fiffike an rataya kwanson rokoki ƙirar kamfanin Matra, mai ɗauke da roka shida masu faɗin milimita 68, wato goma sha biyu ga kowane jirgi. A kujerar fasinja aka ajiye tankin mai na ƙari. Dalilin zaɓar roka a bayyane yake: igwa tana da nauyi kuma tana dukan baya idan ta tashi, abin da ƙaramin jirgi ba zai jure ba, ita kuwa roka da ƙarfin kanta take fita daga bututu. Bam kuma yana bukatar jirgi ya bi ta kan abin da zai jefa wa, alhali roka ana harba ta daga nesa a juya.

Matuƙa biyar ne suka fara: von Rosen da 'yan ƙasarsa biyu, Gunnar Haglund da Martin Lang, da 'yan Biyafara biyu, Willy Murray-Bruce da Augustus Okpe. Sukan yi tafiya dab da kan itatuwa ba tare da magana ta rediyo ba. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka kai hari filin jirgin Fatakwal, ranar 24 Binin, ranar 26 Inugu, ranar 28 kuma tashar wutar lantarki ta Ughelli. Sun lalata ko sun raunata jirage da dama a ƙasa, ciki har da MiG-17 da Il-28. 'Yan jarida suka sa musu suna Jariran Biyafara. Daga baya an ƙaro wasu, aka mayar da hankali kan wuraren haƙar mai, kuma zuwa ƙarshen 1969 aka samu 'yan jiragen T-6 tsofaffi waɗanda matuƙa 'yan Fotugal suka tuƙa.

Labarin yana da daɗin ji, kamar na ƙaramin ɗan dambe da ya kayar da babba, shi ya sa masu ƙera samfuri ke son sa. To amma a duba abin da ya biyo baya. Mutumin da aka sani da tuƙa jirgin agaji ya dawo da rokoki, don haka zargin da Legas ke yi cewa hanyar agaji hanyar makamai ce ya ƙara ƙarfi. Ranar 5 ga Yuni 1969, mako biyu bayan harin Fatakwal, wani MiG-17 ya harbo jirgin DC-7 na ƙungiyar Red Cross kusa da Eket, duk ma'aikatansa suka mutu. Kwamitin ƙungiyar na duniya ya dakatar da jigilarsa, aka kori wakilinsa August Lindt daga Najeriya, kuma a ƙarshen wannan wata gwamnati ta karɓe ragamar agaji daga hannunsa. Jiragen coci-coci sun ci gaba da shiga Uli da dare, amma abincin da ke shiga ya ragu a daidai lokacin da yara ke mutuwa da yunwa. Rokokin ba su sauya sakamakon yaƙin ba. Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu 1970. Shi kuwa von Rosen ya koma Habasha, aka kashe shi a Gode a 1977 lokacin rikicin Ogaden.

Shawara ga Malamai da Masu Ƙera Samfuri

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1/72, wato kowace santimita ɗaya ta samfuri tana wakiltar santimita 72 na jirgin gaske. Sai kuma 1/48, wanda ya fi girma. A ma'aunin 1/72 faɗin fukafukan MFI-9B kusan santimita 10 ne, na MiG-17 ya ɗara 13 kaɗan, na L-29 kusan 14, na B-26 da Il-28 kusan 30 kowanne, na DC-3 kuma 40. Ko da kwali ko karan dawa aka yi su, idan an jera su a kan tebur ɗaya bisa ma'auni ɗaya, ɗalibi zai fahimci tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu fiye da yadda shafi goma na bayani zai fahimtar da shi.

Abu na biyu, kada a cika wa jirgi kaya don ƙawa. MiG-17 mai tankin mai da bam a maratayi ɗaya kuskure ne. MFI-9B mai bindiga a hanci kuskure ne. Fokker da DC-3 mai jefa bam ta ƙofa, alamarsa ita ce ƙofa a buɗe. Misirawa sun ƙara wa wasu MiG-17 nasu layukan rokoki a fiffike don yaƙinsu da Isra'ila, saboda haka kwalin da aka shirya don jirgin Masar a duba shi da hoton jirgin Najeriya kafin a manna komai. Wanda ke son bambanta MiG-17 da MiG-15 ya ƙirga 'yan shingayen da ke tsaye a bayan fiffike: uku ne a na farko, biyu a na biyu. Tambarin Tarayya da'ira ce kore, fari, kore. Tutar Biyafara kuwa ja da baƙi da kore ce, da rabin rana rawaya a tsakiya. Mai halin zuwa Umuahia zai ga wasu daga cikin jiragen nan da idonsa a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1985.

Abu na uku, kuma mafi muhimmanci, kowane samfuri a haɗa shi da takarda mai bayanin shekara da wuri da abin da ya faru a ƙasa. Yaro yana ganin jirgi mai bakin kifi zai yi sha'awa, aikin malami ne ya gaya masa wa ke ƙarƙashinsa.

Kammalawa

An ga yadda rashin makami da ƙin sayarwa suka sa aka mayar da jirgin fasinja mai jefa bam, jirgin ɗalibai ya shiga fagen daga, jirgin wasa ya ɗauki rokoki. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, mafi yawansu farar hula, kuma yunwa ce ta kashe akasarinsu. Dabarar ƙaramin jirgi mai farfela ba ta mutu ba, domin a 2021 Najeriya ta karɓi jiragen A-29 Super Tucano goma sha biyu don yaƙi da masu tayar da ƙayar baya. Haka kuma matsalar bambanta soja da farar hula daga sama ba ta tsaya a kurmin Gabas ba. Mutanen Arewa sun gan ta a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno a watan Janairu 2017, sun kuma gan ta a taron Mauludi na Tudun Biri a jihar Kaduna a watan Disamba 2023. Wanda ya koya wa yara tarihin jiragen 1967 zuwa 1970 yadda yake, ya taimaka wajen tarbiyyar matuƙa da shugabannin da za su yi tunani sau biyu kafin su ba da umarnin sakin wuta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, Ya kiyaye ƙasarmu daga sake ganin irin wannan fitina, amin.